Wa Ya Ce Huzaifa Sunan Mata Ne?

Akwai wata magana da ta ishe ni a wuraren suna a nan Birnin Gwari, kuma na ga tana neman samun gindin zama. Liman zai raɗa suna, a shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya ce an samu Huzaifa, ko Usama, ko Ubaida. Kafin a gama rabon goro sai ka ji wani daga gefen tabarma yana cewa, "Ashe mace aka haifa? Ni na ji an ce namiji ne." A yi dariya a watse. A cikin gida kuwa abin ya wuce dariya. Gwaggo ce za ta ja mai jego gefe ta ce, "Ke 'yar nan, ki gaya wa mijinki ya sake shawara. Suna linzami ne. Kada ku mayar mana da yaro ɗan daudu." Yanzu har ta waya ake tura maganar. Muryar wani ce da ba a san shi ba, ba a san malaminsa ba, yana rantsuwa cewa duk sunan da ya ƙare da "a" na mata ne, wanda kuma ya sa wa ɗansa irinsa ya faɗa cikin tsinuwar da aka yi wa maza masu kwaikwayon mata.

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta daɗe a rufe, taron biki da na suna suka fara dawo da armashinsu. Dangi daga Randagi, daga Kuyello, daga Dogon Dawa, waɗanda a da ko gaisuwar mutuwa sai ta waya, yanzu sukan zo a zauna tare. Abin kunya ne mutanen da suka sha wuyar dajin Kamuku da Kuyambana su samu ranar farin ciki, su ɓata ta a kan wasali ɗaya.

Kowa ya san Bahaushe suna biyu gare shi, na yanka wanda ake raɗawa ranar bakwai, da laƙabin da gida ke kiransa da shi saboda alkunya ko ranar haihuwa ko wani dalili. Ba sai na ɓata lokaci a nan ba. Rigimar tana kan na yanka ne.

Na san inda kunnenmu ya samo wannan zato. A Hausa yawancin kalmomin mata da "a" suke ƙarewa: riga, gona, kaza, rana. Sunayen matanmu ma haka, Amina, Hadiza, Halima, Safiya. To amma gida fa? Ruwa fa? Nama fa? Ita kanta kalmar suna namiji ce, shi ya sa muke cewa sunan nan ya yi daɗi. Ko a cikin harshenmu dokar ba ta tsaya da ƙafafunta ba, balle a ɗauke ta a aza wa Larabci.

Mu fara da wanda babu mai iya ɗaga masa yatsa. Hamza ɗan Abdulmuɗɗalib, baffan Manzon Allah (SAW), wanda ake wa kirari da Zakin Allah, ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira. Sunansa da wannan harafin ya ƙare, harafin da ke ƙarshen Faɗima da Khadija a rubutun Larabci. Usama ɗan Zaidu yana saurayi Annabi ya ba shi jagorancin rundunar da manyan sahabbai ke ciki, kuma sunan nasa ɗaya ne daga sunayen zaki a wurin Larabawa. Ɗalha ɗan Ubaidullahi yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Huzaifa ɗan Yamanu shi ne aka damƙa wa sirrin sunayen munafukan Madina. Ga Ubada ɗan Samitu, ga Ikrima, ga Mu'awiya, ga Hanzala, ga Salama ɗan Akwa'u wanda ya yi suna wajen gudu da harbin kibiya. Duk maza ne, kuma irin mazan da idan an yi gangamin yaƙi su ake fara nema. Mai muryar wayar nan da ya ce an tsine wa masu irin wannan suna, da wa yake?

Mu da muke bin mazhabar Malikiyya ma abin ya fi kusa da mu. Ɗaya daga manyan malaman Imamu Malik a Madina sunansa Rabi'a, wanda aka fi sani da Rabi'atur Ra'ayi. A rubutun Larabci sunansa daban yake da na Rabi'atul Adawiyya, baiwar Allahn nan ta Basra, amma a bakin Bahaushe duk Rabi'a ne. Akwai ma abin da ya fi wannan. Nana Khadija tana da ɗa da wani mijin da ta aura kafin Annabi, agolan Manzon Allah, sunansa Hindu ɗan Abi Hala, kuma ta bakinsa aka samu ɗaya daga fitattun bayanan siffar Annabi a Shama'il na Tirmizi. A garinmu Hindatu mace ce. Akwai sahabi namiji mai suna Asma'u ɗan Harisa. Akwai mai ruwayar hadisi a cikin Sahihul Buhari mai suna Juwairiya ɗan Asma'u: shi sunan da muka sani na mata, ubansa ma haka. Annabi ya canja wa mutane da yawa suna a rayuwarsa, amma agolansa Hindu da sahabinsa Asma'u da sunayensu aka san su har yau.

Idan wani ya ce ai wannan Larabawa ne, mu dawo gida. Musa, Isa, Yahaya, Haruna, Dauda, Zakariyya: annabawa shida, duk da "a" muke rufe sunansu. Garba, Buba, Bawa, Bala, Mustafa. Janar Murtala Muhammed, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairun 1976, ban taɓa jin wanda ya zarge shi da sanyin hali ba. Sai kuma wanda ya fi ba ni dariya idan ana wannan musu, wato Ɗalhatu. Ka saurare shi da kyau, ƙarshensa ɗaya da A'ishatu da Halimatu da Hadizatu. Amma Sarkin Zazzau Ɗalhatu ya hau gadon sarauta a 1920, kuma babu bafaden da ya tsaya tambayar ko sarauniya aka naɗa. Kunnenmu ya saba da shi ne kawai. Huzaifa da Ubaida baƙi ne a wasu gidajen, shi ya sa suke faɗuwa a kunne banbaraƙwai. Ka ba su shekara ashirin a unguwa, za su zama kamar Hamza.

Laƙabinmu na gargajiya kuwa bai taɓa damuwa da wannan iyaka yadda muke damuwa yau ba. Wanda ya biyo tagwaye Gambo ne, namiji ko mace. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar gwagwarmayar NEPU da ta rasu a 2001, Gambo ce. Muhammadu Gambo Jimeta da ya zama Sufeto Janar na 'yan sandan Nijeriya a 1986, shi ma Gambo ne. Auta na kowa ne. Altine sunan ranar Litinin ne da mata da yawa ke amsawa, amma Malam Umaru Altine, Bafulatanin da ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, namiji ne da ya ci zaɓe a tsakiyar ƙasar Ibo. Inuwa kalmar mace ce a Hausa, muna cewa inuwa ta yi sanyi, amma Alhaji Inuwa Wada minista ne a Jamhuriya ta Farko. Ɗanladi da Ɗanlami da Ɗan'asabe kuwa sunan mace ne ɗungurungum aka manna wa "ɗan" a gaba, kuma da su ake noma da farauta. A maƙwabtanmu Giwa aka ɗauki tarihin rayuwar wata tsohuwa da aka buga a littafi a 1954, sunanta Baba ta Karo. Har yau masu tarihi ba su daidaita ba kan Bakwa Turunku na Zazzau, wasu na cewa sarki ne, wasu na cewa sarauniya, domin sunan shi kaɗai bai raba gardama ba.

Da ka tsallaka iyaka kuma sai lissafin ya juye. Nura a wurinmu namiji ne, har ga mawaƙi Nura M. Inuwa da ya haɗa biyu. A Saudiyya Nura mace ce, babbar jami'ar mata ta Riyad ma sunan Gimbiya Nura take ɗauke da shi. Ilham a nan 'yan mata ake sa wa, shugaban ƙasar Azarbaijan tun 2003 kuwa Ilham Aliyev ne. Nana a wurinmu tana tuna mana da Nana Asma'u 'yar Shehu, amma Hausawan zangon Kumasi sun ga shekara takwas ta mulkin Nana Akufo-Addo a Gana. Andrea a Italiya namiji ne, a Jamus mace.

To "suna linzami ne" fa? Masu wannan magana suna da hujja guda da ya kamata a saurara. Buhari ya ruwaito cewa kakan Sa'idu ɗan Musayyibu sunansa Haznu, wato mai tsanani, Annabi ya so ya mayar da shi Sahlu, mai sauƙi, ya ƙi, ya ce ba zai bar sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tsananin bai bar gidansu ba bayan nan. Haka aka mayar da sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga mai saɓo zuwa Jamila, aka mayar da Barra ta koma Zainab. Amma a duba abin da aka gyara a duk waɗannan. Ma'ana ce, ko mummuna ce ko kuwa ta yabon kai. Ba a taɓa amon harafin ƙarshe ba. Idan har suna yana jan mai shi, to Usama zuwa halin zaki zai ja shi.

Mu mutanen wannan yanki kuma mun fi kowa sanin iyakar linzamin nan. Dubi shugabannin 'yan bindiga. Buharin Daji, wanda aka kashe a 2018, sunan limamin masu hadisi yake amsawa. Halilu Sububu, da sojoji suka kashe a Satumbar 2024, Halilu masoyi ke nan, laƙabin Annabi Ibrahim. Bello Turji takwaran Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Sunaye ne na maza tsantsa, masu kyau, waɗanda babu gwaggon da za ta ja mai jego gefe a kansu. Me suka hana? Su kansu 'yan daudun da ake tsoro, sunayen yankansu irin na kowa ne, laƙabin matan daga baya ake samo shi. Hadisin tsinuwar kuwa malamai sun fassara shi a kan wanda ya zaɓi kwaikwayon mata da gangan a sutura da magana da tafiya. Jaririn kwana bakwai bai zaɓi komai ba. Tarbiyya da abokai da talauci da rashin makaranta, nan aikin yake, amma ya fi sauƙi a ɗora wa wasali laifi.

Duk da haka ba zan ce tsoron iyaye babu tushe ba. Tsokana gaskiya ce, kuma tana ciwo. Wani masanin tattalin arziki a Amurka, David Figlio, ya bi bayanan ɗalibai a jihar Fulorida, ya wallafa sakamakon a 2007. Ya gano cewa yaran maza masu sunan da aka fi sani da mata ba su bambanta da sauran ba a ƙananan azuzuwa, amma da suka kai aji shida, lokacin da yaro ya fara jin kansa, sai suka fi shiga rigima da karya doka. A lura, rigima suka ƙara, ba laushi ba. Yaron da kullum ake kira da "amarya" a filin ƙwallo dole wata rana ya kai naushi. Cutar daga bakin masu tsokana ta fito, kuma Alƙur'ani ya hana jifan juna da munanan laƙubba a aya ta 11 ta Suratul Hujurati. Abin haushin shi ne yawanci manya ne ke farawa. Yaro bai san Huzaifa ya yi kama da wani abu ba sai da ya ji kawunsa ya faɗa.

Saboda haka halaccin suna daban, dacewarsa da wuri daban. Asma'u ya halatta ga namiji, ga sahabi nan shaida, amma wanda ya raɗa wa ɗansa Asma'u ko Hindu a Birnin Gwari ya ɗora wa yaron kayan da bai ji ba bai gani ba. Al'adar gari tana da nauyi a shari'a. Sunan da garinku kakaf ya san shi na mata ne, ka bar wa mata. Wanda kuwa asalinsa na maza ne, baƙunta kawai ke damunsa, kada dariyar jahili ta hana ka.

Inda na fi ganin ɓarna ma ba a sunayen sahabbai ba ne, a sunayen waya ne. Ma'aurata za su zauna da daddare suna jan allon waya, su tsinci suna mai daɗin amo a Facebook ko a fim ɗin Indiya na fassara, su kai wa liman da asuba. Ba su san yaren ba, ba su san ma'anar ba, ba su san ko na maza ne ko na mata ba. Hujjarsu ɗaya, wai ba kowa ke da shi ba. Wasu kuma su ce ai a cikin Alƙur'ani yake. Fir'auna ma yana ciki, Hamana ma yana ciki. Irin su Iman da Ihsan da Amal da Afnan kalmomi ne masu kyau, amma wace ƙasa ta ba maza, wace ta ba mata, wannan sai an bincika, kuma a nan yawancinsu sun riga sun zama na 'yan mata.

Don haka malam mai jiran haihuwa, ka fara neman suna tun ciki yana wata bakwai, kada ka bari sai daren suna ana fafutukar kuɗin rago. Ka je wurin malamin da ya karanci Larabci da gaske, ba wanda ya haddace jerin sunaye ba, ka tambaye shi abu uku: mene ne ma'anarsa, wa ya taɓa amsa shi a tarihi, maza ne ko mata. Idan aka kasa kawo maka ko mutum ɗaya na kirki da ya ɗauki sunan, ka yi hattara. Sannan ka kai sunan gaban tsofaffin gidanku ka ji yadda zai fita daga bakinsu. Kaka ba za ta furta shi yadda Balarabe ke yi ba, za ta lanƙwasa shi, kuma lanƙwasar tata ce za ta bi yaron har tsufa. Ka yi tunanin yadda yara za su gutsure shi. Ka haɗa shi da naka sunan ka faɗa da ƙarfi, kamar malamin makaranta yana kiran rajista.

Idan zuciyarka na son sunan amma kana shakkar amonsa, kakanninmu sun riga sun yi mana dabara. Su ne suka riƙa rufe sunayen maza da "u": Jamilu, Nasiru, Kamilu, Rayyanu, Habibu. Mai shakkar Nura ga Nuru ga Nuruddini. Mai shakkar Ubaida ga Ubaidullahi. Ko ka gabatar da Muhammadu, ya zama Muhammad Huzaifa, kowace takarda ta san namiji ne tun daga kalmar farko. Wanda duk wannan ya yi masa yawa, Abdullahi da Abdurrahman suna nan, Muslim ya ruwaito su ne mafi soyuwar sunaye a wurin Allah, kuma ba su taɓa tsufa ba.

Ka shawarci maiɗakinka. Malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun ce idan aka yi saɓani haƙƙin na uba ne, gaskiya ne, amma ita ce za ta kira sunan nan safe da yamma, idan ba ɗan fari ba ne da alkunya ta hana. Dangi kuma, iyayenmu da gwaggonninmu, mai gyara ya kawo gyaransa kafin ranar bakwai, a keɓe, da hujja. Bayan an yanka rago an shafa fatiha, abin da ya rage shi ne Allah ya raya.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ta fi cutar da yaranmu a zahiri kuma babu mai tura murya a kanta. Tsakanin Aminu da Amina harafi ɗaya ne. Haka Hassan da Hassana, Jamilu da Jamila, Sa'ad da Su'ad, Rabi'u da Rabi'a. Ma'aikacin da ke buga sunaye ɗari a wuni, musamman idan ba Bahaushe ba ne, yana iya ganin Hamza ko Nura ya cika gurbin jinsi da mace bai ɗago kai ba. Ka yi wa yaro rajistar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da wuri, kuma kada ka bar gaban teburin sai ka karanta abin da aka rubuta, ko ka sa wanda ya iya ya karanta maka: harafin suna ɗaya bayan ɗaya, da gurbin namiji ko mace. Rubutun da ke kan wannan takarda shi za ka kai makarantar firamare, shi za ka kai wurin lambar NIN, kada yau a rubuta Huzaifa gobe Uzaifa jibi Hudhaifa. Tun 2021 JAMB ba ta rajistar ɗalibi sai da NIN, kuma abin da ke cikin NIN shi take ɗauka. Kuskuren da za a gyara da biro a minti ɗaya ranar farko, bayan shekara goma sha bakwai sai da takardar rantsuwa a kotu, da kuɗi, wani lokaci da tattaki zuwa Kaduna, tafiyar sama da kilomita ɗari a hanyar da duk mun san tarihinta. Iyalan da suka baro ƙauyukansu takardu suka ƙone ko suka ɓace, idan za a sake yin sababbi, a nan ne ya kamata a fi buɗe ido.

Wanda kuma ya riga ya sa sunan, yanzu ana ta damunsa, kada ya yi gaggawar canjawa. Idan ma'anar mummuna ce, ko sunan na mata ne tsantsa a garinku, canjawa ta halatta, ba ta buƙatar wani ragon, kuma gara a yi tun yaro bai shiga makaranta ba. Idan kuwa sunan sahabi ne ko na wani bawan Allah, ka bar shi. Ka zaunar da yaron da zarar ya fara wayo ka ba shi labarin takwaransa, ya san wane ne Huzaifa, ya san abin da Usama ya yi yana saurayi, domin ran da aka tsokane shi ya samu amsa a bakinsa maimakon dutse a hannunsa. Malaman islamiyya da na boko su ma da nasu: malamin da ya yi dariya da sunan ɗalibi a gaban aji ya ba sauran yara arba'in izini.

Limamanmu, ku kuke raɗa sunan nan, kuma kowa shiru yake yi muku a wannan safiya. Minti biyu sun isa a faɗa wa jama'a ma'anar sunan da tarihin mai shi kafin a tashi. Mai muryar waya kuma, idan ta iso gare ka, ka tambayi wanda ya turo maka sunan baffan Annabi da ya yi shahada a Uhudu. Idan ya amsa, ka roƙe shi don Allah kada ya tura wa wani.